Haƙoran Alƙalin Wasa

Kowa a unguwar Alƙali yake ce masa, alhali bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Mai gyaran keke ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, wanda in ya miƙe ba shiri sai ƙeyarsa ta gaisa da siminti. Nan yake wuni tsakanin kwanon ruwan da yake tsoma tif don neman huji, da gwangwanin gam, da sarƙoƙin da ke rataye a ƙusa, da wani tsohon famfo mai kukan jaki. Amma ranar hutu da yamma sai ya wanke baƙin mai da kalanzir, ya sa baƙar riga da gajeren wando waɗanda ba ya yarda kowa ya goge masa, ya rataya usur na ƙarfe a wuya, ya nufi filin ƙwallon da ke bayan tashar mota. Can ya samo sunan.

A fili ba shi da ɗan'uwa. Fuskar nan a ɗaure take tamau tun daga busar farko har ta ƙarshe, kuma in ya nuna wa ɗan wasa waje da yatsa, ko uban yaron ne ya sayi ƙwallon sai ya fita. An jefe shi da takalma, an taɓa sace masa iskar keke, an zage shi har kakanni, bai taɓa janye hukunci ba. Akwai wani ɗan gaba mai gudun tsiya da ake kira Guguwa, wanda ya tofa wa mai tsaron raga yawu a wasan ƙarshe. Alƙali ya ba shi jan kati, gari ya tashi tsaye, sai da aka raka Alƙalin gida a tsakiyar mutane. Da ya shiga, matarsa, wadda shi ma yake kira Umma kamar yadda yaran ke kiranta, ta dubi rigarsa da ta yage ta ce, "Malam, wai nawa ake biyanka a wannan dukan?" Ya ce ba don biya yake yi ba. Ta ce ai ta lura.

Mutum ɗaya ne zai iya rantsuwa ya taɓa ganin dariyarsa, wato Mai Tuta, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi shekaru yana bin layi da tuta a duk wasan da Alƙali ya busa. Su biyun sun san juna har ba sa buƙatar magana. In Mai Tuta ya ɗaga gira, Alƙali ya san an yi satar gida kafin tutar ta tashi.

Tsufa bai yi masa sallama ba. Ta gwiwa ya fara shiga. Sai ya zama ƙwallo na wannan raga, shi kuwa yana can tsakiyar fili yana haki, yana busa laifin da ya hango daga nesa. Aka rage shi daga wasan manya zuwa na matasa, daga nan aka fara mantawa da sa sunansa. Mai Tuta kuwa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi a wani ɗaki mai taga ɗaya a gidan ɗansa. Alƙali yakan je duk mako ya zauna a bakin gadon, su yi ta yi wa jikinsu ba'a.

"Da ni ke ɗaga tuta," in ji Mai Tuta da karkataccen bakinsa, "yanzu hannun ma sai an ɗaga min."

"Kai ka huta," in ji Alƙali. "Ni gwiwoyina biyu ba sa shiri. In ta dama ta yarda a tashi, sai ta hagu ta ce ba da ita aka yi shawara ba."

Sai su yi ta dariya ƙasa-ƙasa, har surukar gidan ta leƙo ta ga ko lafiya.

Haƙora ne suka bi baya, kuma babu wanda ya yi mamaki. Tun yana yaron shago da su yake riƙe noti in hannunsa ya cika, da su yake yanke roba, da su yake cije usur na ƙarfe. Umma ta sha gaya masa cewa Allah baki ya ba shi, ba filaya ba. Suka fara girgiɗi, suka zube ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kuma suka hana shi barci har aka cire su. Abin da ya fi ci masa rai ba tauna ba ne, usur ne. In ya busa sai iska ta zurare ta gefen baki, sautin ya fito kamar ɗan tsakon da ruwa ya doka.

Autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta ja shi wajen likitan haƙori aka auna bakinsa, aka yi masa na roba. Farare ƙal, a jere reras, sun ɗan fi ƙarfin bakin. Da ya shigo gida da su, Umma ta ajiye tsintsiyar hannunta ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, rufe bakin mana."

"A rufe yake."

"To, Allah ya kyauta. Shekara da shekaru ina roƙon ka yi min murmushi, ga shi an saya maka."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko usur ya busa, sautin ya fito har kajin maƙwabta suka watse. Ya ji kamar an mayar masa da shekara ashirin.

A lokacin Guguwa ya zama babban mutum. Ya yi tumbi, yana da kantin siminti, kuma shi ne shugaban kwamitin gasar unguwanni. Alƙali ya same shi a kantin, ya tsaya a gefe har ya gama waya, sannan ya ce yana son a ba shi wasa ɗaya na manya. Ɗaya kawai, ya yi sallama da fili yadda ya kamata. Guguwa ya yi ta "haba Baba, haba Baba," ya ce za a duba. Ba a duba ba, sai da alƙalin da aka sa a wasan kusa da na ƙarshe ya kwanta zazzaɓi ana gobe wasa, aka rasa wani.

Rabin farko ya tafi lafiya. Ya san inda zai tsaya don kada ya yi gudu da yawa, kuma yaran sun ji labarinsa a bakin iyayensu, suna ɗan shakkarsa. Ana dab da tashi, babu wanda ya ci, sai wani ɗan gaba ya kutsa cikin da'ira, ɗan baya ya sa masa ƙafa ta baya ya kwashe shi. Alƙali ya gani sarai. Ya cika ƙirji da iska, ya busa da iya ƙarfin da ya rage masa.

Usur ɗin ya yi gaba, igiyar wuya ta dawo da shi. Haƙoran ba su da igiya. Suka tashi sama, suka juya a cikin hasken rana, suka dira a ƙasa kusa da ɗigon fenariti, suna washe.

Fili ya yi tsit. Alƙali ya nuna ɗigon da yatsa ya yi tsawa, amma abin da ya fito daga bakin ba magana ba ne, wani irin furzar iska ne da yawu. Mai tsaron raga, yaro mai tarbiyya, ya tako ya ɗauki haƙoran da safar hannunsa, ya hure musu ƙasa, ya rusuna ya miƙa masa da hannu biyu. A nan ne fili ya fashe. 'Yan kallo suka yi ta faɗuwa kan juna. Wanda aka kayar yana kwance yana dukan ƙasa, wanda ya kayar da shi ya durƙusa ya riƙe ciki. Wayoyi suka tashi sama ta ko'ina.

Ya karɓa, ya goge su a rigarsa, ya mayar, yashi na ƙaras-ƙaras a dasashinsa. Ya san in bai ce wani abu ba, zai yi kuka a gaban jama'a. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Ku ƙyale su. Sun ga laifin ne, suka riga ni zuwa wajen."

Na kusa suka ji, suka gaya wa na nesa, dariyar ta sake zagaya fili. Abin da ya ba shi tsoro shi ne daɗin da ya ji. Tunda yake, in taro ya yi ihu a kansa zagi ne. Yau ga ɗaruruwan fuskoki suna kallonsa da so. An buga fenaritin daga baya, yaron ya harba sama saboda bai gama dariya ba, kuma babu wanda ya damu.

Kafin ya isa gida bidiyon ya riga shi. Auta tana zaune a tsakar gida da waya a cinya, idanunta sun yi ja.

"Baba, har a kantinmu ana nuna min. Wai ni ce 'yar mai haƙoran nan?"

"To ba ke ba ce?"

"Ba abin wasa ba ne, Baba."

Umma ta kawo masa ruwa a kofi ta ce ya zuba su ta wanke, don tana jin ƙarar yashin daga inda take.

Da ma shagon ya daɗe da mutuwa, tunda babura suka cika gari. Sai ga bencin ƙofarsa ya cika. Matasa, 'yan tasha, har da masu mota da ke tsayawa su sauke gilashi. Ba keke suka kawo ba, amma wasu don kunya sukan jawo wata tsohuwar taya a yi musu faci. Sunan ma ya canja, ya koma Baba Haƙori. "Baba Haƙori, yaya aka yi ranar?" Sai ya ba da labarin. Tun yana bayarwa da ƙyar har ya gane inda ake tsayawa a ja numfashi, da inda ake zaro ido. Da labarin ya fara gundurar mutane, sai ya shiga kwaso hirarsu da Mai Tuta yana zubewa a kan bencin. Ya ba su ta gwiwoyin da ba sa shiri. Ya ce fitsari ne maigidansa yanzu, duk inda za shi sai ya fara neman izininsa. Ya ce jiya ya wuni yana neman hujin wata taya, ashe shi ne ke sauke numfashi a kan ruwan. Suka yi ta tafa hannu. In ya koma ɗakin Mai Tuta kuwa sai ya rasa abin faɗi, don duk ya sayar da shi a waje.

Wata rana wani saurayi ya kawo gardamar wasan da suka kalla a talabijin, ko satar gida ce ko ba ita ba ce. Alƙali ya ajiye sifana, ya zana layi a ƙasa da yatsa, ya shiga bayani dalla-dalla kamar yadda ya sani. Suka zuba masa ido suna murmushi, suna jiran inda abin dariyar zai fito. Da ya gama bai fito ba, sai ɗaya ya ce, "Yau Baba ba ya jin daɗi," suka tashi.

Da gasar shekara mai zuwa ta zo ƙarshe, Guguwa da kansa ya taka har shagon, ya ce kwamiti ya yanke shawarar karrama shi a gaban jama'a. Alƙali ya kwana biyu yana shiri. Ya fito da baƙar rigar ya goge, Auta ta kawo masa wani man liƙa haƙori daga kantinsu ta nuna masa yadda ake shafawa. A ransa ya riga ya tsara abin da zai roƙa in an ba shi lasifika: a bar shi ya riƙa koyar da sababbin alƙalai, don yaran nan ba su san inda ake tsayawa ba. Ya ce wa Umma ta zo. Ta ce ƙafarta na ciwo.

An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an rataya ƙyallen wani kamfanin man goge baki da ya ɗauki nauyin gasar. Mai gabatarwa ya yi ta kwarara sunan Baba Haƙori a lasifika, aka jawo shi tsakiyar fili, aka ce shi zai yi busar buɗe taro. Ya gyara tsayuwa, ya haɗe ƙafa, ya busa. Rabon da usur ɗin nan ya yi irin wannan ƙara tun yana da baƙin gashi. Sautin ya tsaga fili, ya doki bangon tasha ya dawo. Haƙoran ko motsi ba su yi ba.

Babu wanda ya tafa. Wayoyin da aka ɗaga suka tsaya a sama. Daga can baya wani ya ce, "A sake!" Nan take fili ya ɗauka. Guguwa ya matso, ya dafa kafaɗarsa, yana murmushi ga mutanen kamfanin, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ka taimake ni. Mutanen nan don wannan suka zo."

"Ka ce karramawa."

"Ita ce ai. Kowa na son ka. Ka ɗan sake su kawai."

Alƙali ya dube shi. Ya dubi yaran da ke jere cikin sababbin riguna, da sabon alƙalin da ke tsaye a gefe yana duba agogo. Da a ce gwiwoyinsa za su kai shi bakin fili da sauri, da wataƙila ya juya ya tafi. Amma filin da faɗi, kuma ya san irin ihun da zai raka shi. Ya sa harshe ya tura. Man Auta mai kyau ne, sai da ya yi da gaske, har dasashinsa ya yi jini, sannan suka saki. Ya busa, suka faɗo nan gabansa, ko tashi ba su yi ba. Hakan ma ya wadatar. Fili ya kaure da shewa.

Aka ɗauki hoto, aka ɗora masa kwalin man goge baki a hannu. Bai samu lasifikar ba. Kujerun rumfa duk da masu su, don haka a tsaye ya kalli rabin farko daga bayan wayar shinge, kwalin a tsakanin ƙafafunsa, sannan ya kama hanya.

Umma ta buɗe kwalin ta leƙa. "Wa zai goge me?" ta ce. Ta raba wa maƙwabta, sauran ta riƙa goge butar shayi da shi. Auta ta yi wata guda ba ta zo gidan ba.

Abin dariya ma tsufa yake yi, kuma ya fi mutum saurin yi. Ba a daɗe ba wani bidiyon ya fito, na wani ɗan dako da rago ya kora har cikin kwata, aka koma can. Bencin ya fara raguwa. Waɗanda suka saura sun haddace maganganunsa, sukan ƙarasa masa kafin ya kai ƙarshe. Shi kuwa ya riga ya saba, in ya hango mutum ya nufo shagon sai ya ji fuskarsa ta fara shirya kanta.

A cikin damina Mai Tuta ya rasu. Alƙali ya je gidan ya samu gefen tabarma a ƙofar gida, cikin tsofaffin 'yan wasa da maƙwabta. Yana zama ya ga wasu samari sun taɓa juna suna danne murmushi. Bai kula su ba. Ɗan marigayin ya zo ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, har ranar da zai cika sai da ya tambaya ko ka zo." A nan abin ya ƙwace masa. Haɓarsa ta kama rawa, haƙoran suka shiga bugun juna, ƙwas-ƙwas-ƙwas, a cikin shirun nan. Wani daga baya ya yi tari don ya rufe dariyarsa, bai rufu ba. Na kusa da shi ma ya kamu. Wani dattijo ya daka musu tsawa, amma shi ma bai yarda ya kalli Alƙali ba.

Ya juya wa jama'a baya, ya zare su ya sa a aljihun riga, ya fuskanci bango ya yi kukansa da bakinsa na gaskiya.

Da ya koma gida Umma na tankaɗe a tsakar gida. Ta ga bakin ya lotsa, ta ga idon.

"Ina suke?"

"Na sallame su. Sun yi min rashin kunya a gidan mutuwa."

"To da me za ka ci abinci?"

"Ki riƙa tauna min."

"Da wanne? Ni ma na gaban ne kawai suka rage, su ma don kunyar baƙi suke zaune."

Ta faɗa ne fuska a ɗaure, amma sai kafaɗunta suka fara rawa, ta sa gefen zane ta rufe baki. Shi ma ya zauna a kan turmi ya taya ta, hawaye na bin kumatunsa, har garin da ke cikin rariyar ya zube a ƙasa.

Washegari da safe aka yi sallama. Wani magidanci ne da keken 'yarsa da sarƙa ta tsinke, ya je shago ya tarar a rufe, aka kwatanta masa gidan. Rabon Alƙali da aikin sarƙa an kwana biyu. Yana daga ɗaki ya ji mutumin na tambayar Umma, "Nan ne gidan Baba Haƙori ko? Yarinyar ce ta ce lallai sai wajensa, tana son ta gan shi."

Ya laluba aljihun rigar jiya ya ciro haƙoran, ya ɗauraye su a kofi, ya mayar, ya ɗauki makullin shago ya fito.